Yaron da na raina yau shi ke kira na aiki

Kawu, salamu alaikum. Shekarata 49, ina zaune a Aboabo, Kumasi, da mata ɗaya da 'ya'ya biyar. Shekara goma sha takwas na yi ina sayar da shadda da atamfa da leshi a kasuwar Alabar, ina sarowa daga Lome da Kano. Na yi shago biyu, na je Makka a 2016. Daga rufe iyaka zuwa faɗuwar sidi, kuɗinmu na Gana, komai ya watse. Mutane suka riƙe mini kuɗi, ni ma bashi ya hau kaina, har na rufe shagon ƙarshe. Yau wata goma sha ɗaya ina gida. Na rungumi ƙaddara.

Akwai yaron da na raina, an kawo mini shi yana ɗan shekara sha huɗu, ya yi shekara tara a hannuna. Na sallame shi da abin da bai taka kara ya karya ba, kuma ba mu rabu da daɗi ba. Yanzu shagonsa uku. Kowane azumi yana aiko da buhun shinkafa ta hannun matata. Makon jiya ya zo bayan isha'i shi kaɗai, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce yana so in riƙe masa shagonsa na kasuwar Kejetia. 'Yan majalisarmu sun ce so yake ya wulaƙanta ni, wasu sun ce shi ya ɗauke mini arziki da asiri. Matata ta ce in karɓa. Ni kuma ina ganin in Allah ya rubuta zan tashi, zan tashi ba sai na zama yaron yarona ba. Barci ba ya zuwa, masallacin unguwa ma na daina zuwa, sai in tafi wani mai nisa. Kawu, me zan yi?

Wani ɗan kasuwa, Aboabo

Wa alaikumus salam, Alhaji, ɗana.

Sau uku na karanta wasiƙarka, kuma kowane karo wuri ɗaya nake tuntuɓe, inda ka ce "yaron da na raina". Ka san Hausa da shaƙiyanci: baƙaƙen da za ka rubuta ka yi rainon yaro, da su za ka rubuta ka raina shi. Na san raino kake nufi. Amma ka yi mini uzuri in ce akwai ɓurɓushin ɗayan a ciki. Da wani attajiri ne daga Nima can Ankara, babban birnin Gana, wanda ba ka taɓa aikensa sayo koko da ƙosai ba, ya ce ka riƙe masa shago a Kejetia, da ban ga wasiƙarka ba. Da tun washegari ka yi aski, an goge maka babbar riga, kana bakin kasuwa kafin a buɗe ƙofa.

In taƙaita maka kafin in tsawaita: ka karɓa. Maiɗakinka ta fi 'yan majalisa gaskiya. Sai dai akwai yadda ake karɓar irin wannan, in ba haka ba wata shida ya yi yawa ku yi ɓatawar da ta fi ta farko. Zan zo kansa. Mu fara da bangon da ka jingina da shi.

Ka ce ka rungumi ƙaddara. Madalla, babu musulmin da zai ce maka a'a. Amma karin maganarmu kamar buhun mai maganin gargajiya yake, akwai na tsai da ciki, akwai na sakin ciki, duk a buhu ɗaya. Iyayen da suka ce zafin nema ba ya kawo samu, su ne suka ce Allah ya ce tashi in taimake ka. Waɗanda suka ce rabon kwaɗo ba ya hawa sama, su suka ce zomo ba ya kamuwa daga zaune. Ba ruɗewa suka yi ba, sun san wanda ake ba kowanne. Yaron da idonsa ya rufe, ya sayar da babur ɗin gidansu zai bi ta Agadas ya shiga Libiya, ko wanda zai faɗa ramin galamse, haƙar zinariya ta bayan fage, don sa'ansa ya sayi mota, shi ake zaunarwa a ce masa zafin nema ba ya kawo samu. Wanda ya yi wata goma sha ɗaya a ɗaki yana kallon rufin kwano kuwa, in ka ba shi wannan, ka ba mai kumburin ciki maganin gudawa ke nan. Maganin wani kake sha, Alhaji.

Ƙaddara kalmar waiwaye ce. Abin da ya riga ya auku ake kira da ita a yi haƙuri. Abin da bai zo ba, babu wanda aka nuna wa allon. Dubi yadda hadisin da Muslim ya ruwaito ya jera maganar: ka yi kwaɗayin abin da zai amfane ka, ka nemi taimakon Allah, kada ka gajiya, sannan in wani abu ya same ka, kada ka ce da na yi kaza, ka ce Allah ne ya ƙaddara. Nema a gaba, ƙaddara a baya. Kai ka juya jerin. Lokacin annobar Amwas, Sayyidina Umar yana kan hanyar Sham aka gaya masa cuta ta ɓarke, ya ce a juya. Abu Ubaida ya ce, gudun ƙaddarar Allah za ka yi? Ya ce e, daga ƙaddarar Allah muke gudu zuwa ƙaddarar Allah. To rufe shagonka rubutacce ne, na yarda. Sallamar da aka yi maka bayan isha'i fa, wa ya rubuta ta? Ba a rungumar rabin ƙaddara a bar rabi tsaye a ƙofar gida.

Sannan mu raba asarar gida biyu, don ba duka ce ta faɗo daga sama ba.

Wadda ta faɗo kowa ya gan ta. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a Agustan 2019, ba ta buɗe ba sai Disamban 2020. Mai kawo kaya daga Kano tun a nan ya fara ji a jikinsa. Kafin a farfaɗo korona ta zo, Gana ta rufe nata a Maris 2020, aka kulle Kumasi da Ankara mako uku, Aflao kuwa, iyakarmu da Togo, ba ta buɗe wa matafiya ba sai ƙarshen Maris 2022. Biki ya ragu, anko ya ragu, mai shadda yana zaune yana korar ƙuda, mai haya kuma ba ruwansa da annoba. Ana buɗewa sai sidi ya zame. Farkon 2022 dala tana wajen sidi 6, cikin Nuwamba ta haura 14 a wurin 'yan canji, a Disamba hauhawar farashi ta kai kashi 54 cikin ɗari. Ba kai ka jawo wannan ba, yaronka ma bai turo shi ba.

Amma ɗauki alƙalami. Ka saro kayan dala dubu a Janairu, sidi 6,000. Ka ba Hajiya wance bashi a kan 7,200, kana murna ka ci 1,200. Ba ta biya ba sai Nuwamba, kuma ita ce ma mai kirkin, tunda ta biya. Kuɗin da ta kawo cif-cif, in ka kai canji, dala ɗari biyar da 'yan kai zai ba ka. Rabin kaya ya tafi, babu ɓarawo, babu gobara. Yi wannan sau hamsin ka gani. Ka ce mutane sun riƙe maka kuɗi. Nawa ne a rubuce da kwanan wata? Na san irinmu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, maganar rubuta bashi take yi, amma ɗan kasuwar Zango kunyar buɗe littafi yake a gaban surukarsa. Ga kuma aljihun tebur da ya zama na kowa: suna gidan wane, ciro, an kwantar da wane asibiti, ciro. Ka dawo daga Makka sunan Alhaji ya hau kanka, Alhaji kuma ba ya cewa babu. Allah ya sa a mizani, amma daga riba ake kyauta, in aka kai wuƙa ga uwar kuɗi an gama. Wannan ɓangaren gyara yake so. In ka lulluɓe shi da bargon ƙaddara, ko gobe aka ba ka sabon jari hanyar da na farko ya bi zai bi.

Maganar asiri kuwa, je ka zauna awa ɗaya a shagon ɗaya daga cikin yaran nan da suka tashi a shekarun da manya suka faɗi, za ka ga asirin da idonka. Kaya na isowa ya ɗauki hoto ya sa a WhatsApp, kafin la'asar mata a Tamale da Techiman da Bawku sun zaɓa, sun turo kuɗi ta MoMo, wato ta waya, an kai ƙunshi tasha an ba direba. Bashinsa ba ya wuce kwana uku. Kowace safiya sai ya tambayi farashin sefa kafin ya faɗi kuɗin yadi, kuma sidi ba ya kwana a hannunsa, nan da nan ya mai da shi kaya. Kiɗa ne ya canza, shi kuma ƙafarsa ba ta da nauyin suna da 'ya'ya biyar. Ya ɗauki wani abu daga wurinka, gaskiya ne: hanyar Lome, sanin yadi, yadda ake lallaɓa mai saye. Da hannunka ka ba shi, don wannan aka kawo maka shi. Kada ka kai kuɗin cefanen 'ya'yanka wurin mai duba. Duk wanda ka je wa da sunan mutum a bakinka, sunan zai maido maka.

'Yan majalisa ban ce mugaye ba ne. Mutum tara yake bai cika goma ba, kuma wanda yake zaune yana son abokin zama. In ka tashi, tashinka tambaya ce a kansu. Cikin wata goma sha ɗayan nan, waye a cikinsu ya aiko gidanka da ko mudun gero? Ataya dai ake kurɓa tare. Sun ce wulaƙanci yake nufi. Mai son wulaƙanta mutum rana yake nema da taro: ya tare ka wurin ɗaurin aure ya faɗa da ƙarfi, ko ya aiko yaro a kira ka. Wannan dare ya zaɓa, ya zo shi kaɗai, ya durƙusa. Tun kafin ya fito daga gida ya yi tunanin kunyarka.

Ga kuma wadda ban so faɗa ba. Shinkafarsa kuna ci. Azumi nawa ke nan buhu yana shigowa ta hannun maiɗakinka, kana kau da kai kamar ba ka san daga inda ya fito ba? Sadakarsa a ɓoye ta shiga, albashinsa a fili ya gagara. Ashe hannunsa bai dame ka ba, idon mutane kake tsoro. Alhali Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce mutum ya ɗauki igiya ya yo itace ya sayar, ya fi masa da ya riƙa roƙon mutane.

Bari in gaya maka abin da ya sa wasiƙarka ta taɓa ni. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yaron wani attajirin goro ne a nan Kumasi. Kakana daga Salga ya gangaro bayan yaƙin 1892 da ya watsa garin, don haka mu a nan aka haife mu. Maigidan mahaifina kuwa mutumin ƙasar Kano ne, ya yi shekara talatin a Zango ba takarda, don a da wa yake tambayar takarda? Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Firayim Minista Busia ta fitar da dokar baƙi: duk wanda ba shi da izinin zama, mako biyu, ya fice. Ina ɗan shekara goma sha ɗaya. Na ga manyan motoci shaƙe da mutane da tukwane da katifu, Yarabawa, Hausawa, Zabarmawa, Mosawa. Na ga an sayar da gida a kuɗin da ba zai sayi rufinsa ba. Mutumin ya tafi da abin da ya iya ɗauka. Can gida ya tarar da dangin da suka san shi da aiko kuɗi, ba su san shi da dawowa ba. An tumɓuke Busia a 1972, bayan shekara biyu sai ga tsohon da akwatin ƙarfe ɗaya da tsohuwarsa. A lokacin abokan cinikinsa duk suna hannun mahaifina. Ya ba shi ɗakin da ke kusa da zaure. Kwana uku, tsohon ya ce shi ba zai zauna a ciyar da shi ba, a ba shi zaɓen goro.

Kullum in an dawo sallar asuba, mahaifina zai tuɓe takalmi a ƙofar ɗakin ya durƙusa: "Maigida, an tashi lafiya?" Da hantsi kuma a rumfa, tsohon zai ɗago kai daga kan huhu ya ce, "Nawa za mu saki ƙwarya yau?" Ya yi shiru sai mahaifina ya yanke. Ko yana ganin an yi arha, ba ya tankawa a gaban mai saye. Sai da dare in an watse za ka ji muryarsa ƙasa-ƙasa a zaure. Gaisuwar safe tasa ce, hukuncin rana na mahaifina, kuma ban taɓa ganin ɗaya ya shiga gonar ɗaya ba.

A wurinsa na koyi yadda goro ke zama daushe. Ba a ɗaure huhu a jefa lungu a ce Allah ya tsare. Lokaci-lokaci sai an kwance, a baje, a bi ɗaya bayan ɗaya. Zai ɗauki goro ya juya shi tsakanin yatsu biyu, ya ga ɗan ɗigon da ni ban gani ba, ya jefa gefe: sankara. A canza ganyen fita, a yayyafa ruwa, a sake ɗaurewa. Huhun da aka manta a ɗaure, ranar da aka buɗe ɓarna za a tarar. Wata goma sha ɗaya ke nan ba a kwance ka ba, ɗana.

Ba zan yi maka ƙarya ba, bai sake yin kuɗi ba. Masu ba da irin wannan labari suna son su ƙare da cewa ya dawo ya fi da, amma duniya ba ta yi wa kowa wannan alkawari ba. Ya dai aurar da autarsa da kuɗin hannunsa, ya rasu babu mai bin sa sisi. Bai ga 1983 ba, shekarar da Najeriya ta kori nata baƙin a Janairu, mutanen Gana wajen miliyan ɗaya suka dawo da jakunkunan da har yau ake ce wa Gana-mas-go, suka tarar da fari da wutar daji da yunwa. Ƙasar da ta kora, ita aka koro wa. Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. In ƙasashe suna wannan rawa, kai da yaronka su wane ne?

Fataucinmu ma tun zamanin madugai da hanyar Gwanja a kan haka aka gina shi: yaro ya ɗauki kaya, ya koyi hanya, a sallame shi, ya zama maigida. Alhassan Ɗantata, da aka haifa a Bebeji a 1877, maraya ne almajiri kafin ya bi hanyar goron nan har Ankara, ya riƙa loda shi a jirgin ruwa zuwa Ikko, ya koma Kano ya shiga gyaɗa. A ƙuruciyarsa wasu sun aike shi. Maigidan da yaronsa ya wuce shi, shukarsa ce ta yi.

Yanzu yadda za ka karɓa.

Kada ka je kamar wanda za a yi wa agaji, kada kuma ka je kamar maigidan da ya dawo kujerarsa. Ciniki ne. Mai shago uku ba ya iya zama a uku, kuma a na ukun ne kaya ke fara yin ƙafa. Amana yake nema da ido. Kai ne wanda in ya shafa shadda zai ce gezna ce ko kwaikwayo, kai ne wanda iyayen amare suka sani tun suna 'yan mata. An ce in ruwa ya zube ya bar tulu, ya yi kyau. Tulunka ke nan.

Ku yanke ɗaya cikin biyu ku rubuta. Ko albashi sananne duk wata, ko ƙiradi: jari nasa, aiki naka, riba a raba bisa kason da aka ambata tun farko, rabi ko sulusi, in asara ta zo ba da sakacinka ba a kan jarin take, kai kuma wahalarka ta tafi. Malamanmu na Malikiyya suna sharɗanta jarin ƙiradi ya zama tsabar kuɗi, shagon nan kuwa da kayansa, don haka in can kuka karkata ku zauna da malami tukuna. Ni in ka tambaye ni, albashi za ka fara da shi. Mai 'ya'ya biyar da bashi a ka yana buƙatar sanin abin da zai shigo ƙarshen wata. Ku sa wa'adin shekara ɗaya. A ƙirga kayan shagon kaf ranar da za ka karɓi makulli, limamin unguwa da dattijo ɗaya na kasuwa su sa hannu. Zai ce, "Haba Maigida, tsakanina da kai har sai an rubuta?" Ka ce masa rashin rubutun ne ya kawo ka nan.

Ka gaya masa duk bashin da ake bin ka, kada ka rage ko sidi ɗaya. Ranar da aka ji kana Kejetia masu bin ka za su zo, kuma suna da gaskiya; kada ya fara ji daga bakinsu a gaban masu saye. Ka zagaya su da ƙafarka tun kafin nan, ka ce ga abin da zan iya duk wata. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma ɓuya ta fi jinkiri harzuƙa mai bi. Aljihun tebur kuwa, hannunka ya saba da shi shekara goma sha takwas, zai kai kansa bai yi shawara da kai ba. Ko kuɗin paragiya ne, babur mai ƙafa uku, rubuta.

Mai wuyar ita ce ta harshe. Wata rana zai yanke hukuncin da ka san kuskure ne, ko ya yi maka magana a gajarce don yana sauri, zuciya ta kawo maka "ni da na koya maka riƙon almakashi". Haɗiye. Alƙur'ani ya ce gori yana ɓata sadaka, kuma na ga inda ya ɓata zama. In kana da gyara, ka bari a rufe shago, ka faɗa sau ɗaya, ka bar masa. Dukiyarsa ce, kuma shi ya haye kogin da ya tafi da kai. Ka ce ya nuna maka yadda yake sayarwa ta waya. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, balle wannan ba wada ba.

Ka ce ba ku rabu da daɗi ba, kuma bayan shekara tara ka sallame shi da ɗan abin da bai kai ba. Ka wuce wurin da sauri, ni kuma na tsaya, don ina jin nan ƙayar take. Kunyar alherinsa ce ke hana ka barci fiye da tsoron muguntarsa, domin ka san bai yi daidai da abin da ka yi masa ba. Alheri daga wanda ka rage wa haƙƙi ya fi mari zafi. Maganin kalma ce da ba ta kai goma ba: "Na rage maka a sallama, ka yafe mini." Ka faɗa kafin a zo maganar albashi. In ba ka faɗa ba, kullum za ka riƙa neman wulaƙanci a fuskarsa, mai nema kuma ba ya rasawa.

Abin zai iya ƙi. Harshe da haƙori ma suna saɓawa, ga yaran shago da za su ga ka toshe musu kafa, ga masu kai gulma gida biyu. Amfanin wa'adin ke nan: in shekara ta cika ba daɗi, a ƙirga kaya, ka miƙa makulli, ku yi musabaha. Ka fita sunanka ya dawo kasuwa, bashi ya ragu, wataƙila da ɗan abin kafa tebur.

Rashin barcin nan kada ka yi wasa da shi. Je a auna jininka, shekarunka na hawan jini ne, damuwa kuma abokiyar tafiyarsa ce. In abinci ya fita ranka, ko zuciya ta fara raya maka gara mutuwa, ka gaya wa maiɗakinka a ranar ku tafi asibiti. A asibitin Komfo Anokye akwai likitocin da wannan ne aikinsu, zuwa wurinsu kuma ba hauka ba ne. Masallacin unguwa ka koma gobe da asuba. Kwana biyu za su kalle ka, na uku wani zai ƙara aure ko a ji wani ya dawo daga Italiya, su manta da kai. Kowa na fama da tukunyarsa.

Kada ka aika a kira shi. Shi ya tako gidanka da dare, kai ma taka nasa bayan isha'i, ka riƙe ɗan goro a hannu, fari in ka samu. Kafin ka fita ka gaya wa maiɗakinka inda za ka. Ita ce take tsayawa a ƙofa ta karɓi buhunan nan ta yi godiya a madadinka, ba ta taɓa gaya maka nauyinsu ba. In kun sa hannu a takardar, ka rubuto mini in ji yadda kuka tsaya. Ka gaishe ta.

Kawu